Hilal Da Marrikh: Ziyarar Umdurman Kafin Ranar Karawa

 Ina neman afuwar malamanmu da iyayenmu tun daga farko, domin abin da na kawo a wannan fitowa ya shafi ƙwallon ƙafa, kuma na san akwai gidajen da ba a ambatonta sai an ja tsaki. Gidanmu ma yana cikinsu. Malam mahaifina bai taɓa zama gaban tele don kallon wasa ba, kuma muna yara in ya ga mun shigo da ƙura a ƙafa bayan an kira Magariba, ba ya tambayar wanda ya ci, dorina ce ke yin tambayar. To, amma ta ƙofar ƙwallon nan ne nake so in shigar da ku wani gari da kakanninmu suka sani tun ba a san jirgin sama ba.

Dalilin rubutun kuwa, wani dare ne bayan Isha'i muna zaune a fada ana dafa shayi, samari na ta musun da suka saba a kan Madrid da Basalona, sai wani ƙanenmu ya miƙo mini wayarsa ya ce, "Yaya, kai da ka je Sudan, me ya kai Hilal da Marrikh cikin gasar ƙasar Ruwanda? Ko Kigali ta koma Sudan ne ba mu da labari?" Aka bushe da dariya. Ni dai ban samu amsar da za ta shiga tsakanin kofi na farko da na biyu ba, shi ya sa na ce bari in rubuta ta a natse.

A shekarar 2017 Malam ya aike ni Umdurman da wasiƙa da ƴar tsaraba, kilishi da turmin atamfa biyu da allon da ya rubuta da hannunsa. Ƙanen kakana ya bar ƙasar Maraɗi a ƙafa tun zamanin Nasara, shi da matarsa da jakuna biyu, da niyyar aikin hajji. Hanyar sananniya ce ga mutanen wancan lokaci: Kano, Maiduguri, birnin da yanzu ake kira Injamena, Abeshe, sa'an nan a shiga Darfur ta Jinaina da Fashir, a wuce Ubayyid, a iso bakin Nilu, daga nan a nufi Sawakin a hau jirgin ruwa zuwa Jidda. Ba tafiyar wata ɗaya ko biyu ba ce. In guzuri ya ƙare sai a tsaya a yi ƙodago, kuma bayan an gama madatsar ruwa ta Sinnar a 1925, gonakin audugar Jazira sun riƙe Hausawa masu ɗimbin yawa, wasu shekara biyu, wasu har ƙarshen rayuwa. Shi ƙanen kakan nawa ya sauke farali, amma bai dawo ba. Ɗansa ne aka aike ni wurinsa, wanda Malam ke ce wa Yaya alhali ba su taɓa haɗa ido ba, ni kuma nake ce masa Baffa. Tafiyar da ta ci mahaifinsa shekaru, ni na yi ta cikin kamar awa huɗu daga filin jirgin Kano, har ina ƙorafin kujera ta matse ni.

Abin da baƙo ya kamata ya fara ganewa shi ne, babban birnin Sudan gari uku ne da ruwa ya raba, gadoji suka haɗa. Akwai Hartum ta gwamnati, akwai Bahri ta masana'antu, akwai Umdurman a gaɓar yamma. Tsakaninsu ne Farin Nilu, wanda ya taso daga tafkin Biktoriya, yake gamuwa da Shuɗin Nilu da ya gangaro daga tafkin Tana na ƙasar Habasha. Wurin gamuwar ana ce masa Mugran. Na tsaya a kan tsohuwar gadar ƙarfe da Ingilishi suka gina a shekarun 1920, bayan an gargaɗe ni kada in kuskura in ɗaga waya don ɗaukar hoto, na ga ruwan nan biyu suna tafiya kafaɗa da kafaɗa, ɗaya toka-toka ɗaya mai duhu, kowanne riƙe da launinsa har wani nisa kafin su gauraye. Can tsakiya ga tsibirin Tuti da gonakinsa na lemo da ganyaye. Wanda ya tashi a garin da gulbi ke ƙafewa da rani, in ya ga wannan ruwa, tasbihi ne ke fara zuwa bakinsa.

Hartum kanta ban daɗe a cikinta ba. Na ga fadar shugaban ƙasa daga nesa, na yi Azahar a babban masallacin da ke bakin kasuwar Suk Arabi, na kuma gaisa da ɗaliban Nijar da na Najeriya da ke karatu a Jami'ar Afirka ta Duniya. A ƙofar asibitoci kuwa Hausa ce ke tashi kamar kana Fagge, don a shekarun nan mutanen Kano da yawa can suke kai marasa lafiyarsu. Gari ne na ofisoshi da otal-otal. Baffa ya ce mini, "Ɗana, can wurin takarda ne. In Sudan kake nema, ƙetaro."

Gidansa yana unguwar Umbadda, yamma da tsohon gari: katangar ƙasa, tsakar gida mai faɗi, bishiyar dogon yaro, da gadajen igiya da suke kira angareb, waɗanda ake fitarwa waje da dare saboda zafi. Hausar Baffa ta ba ni mamaki. Akwai kalmomin da tun rasuwar kakata ban sake jin su ba sai a bakinsa, ga kuma Larabci yana kutsowa tsakani ba sallama. Ƴaƴansa suna ji, amma da Larabci suke mayar da amsa. Abinci bai yi mini baƙunta ba: asida tuwo ce, mulah ɗin da ake yi da weka miyar busasshiyar kuɓewa ce, karkade kuma zoɓonmu ne. Kisra ce kawai sabuwa gare ni, wata irin waina mai faɗi da laushi kamar takarda, sai ful, waken da ake karyawa da shi da man riɗi. Ran da na fi dariya shi ne ran da aka kai ni cin wani nama da suka ce ba kamarsa a duk Sudan, sunansa agashe. Ina zuwa na tarar da tsire ne da ƙuli-ƙulinsa da yajinsa, mai gashin kuma ya dube ni ya ce, "Daga wane gari?"

Kada mai karatu ya ɗauka zaman namu a can duk daɗi ne. Ana kiransu Fallata ko Takari, kuma akwai bakin da in kalmar ta fito daga cikinsa ba yabo ba ce. Mutumin da aka haifi ubansa a bakin Nilu sai a tambaye shi takardar shaidar zama ɗan ƙasa da wata irin murya. Baffa bai so mu tsawaita wannan magana ba, amma shekara 5 bayan komowata, a 2022, rikicin filaye da na sarauta ya ɓarke tsakanin Hausawa da maƙwabtansu a jihar Shuɗin Nilu, aka rasa ɗaruruwan rayuka a watannin Yuli da Oktoba, har Hausawa suka fito zanga-zanga a Hartum da Kasala.

Umdurman ba Turawa suka kafa ta ba, kuma mutanenta ba sa barin ka mance da haka. Muhammadu Ahmad, wanda ya ce shi ne Mahadi, ya ci Hartum ranar 26 ga Janairun 1885, aka kashe Janar Godon, shi kuma ya rasu a watan Yuni na wannan shekara. Halifansa Abdullahi ya mai da Umdurman hedkwata, aka kwaso duwatsun gidajen Hartum aka yi gini da su a nan. Shekara 13 daular ta yi. Ranar 2 ga Satumban 1898, a filin Karari da ke arewa da garin, rundunar Kicina ta buɗe wa Ansaru wuta da bindigogi masu sarrafa kansu, kafin rana ta take an kashe sama da mutum 10,000, alhali ɓangaren Ingilishi da Masar ba su rasa 50 ba. Aka rushe hubbaren Mahadi, sai a 1947 ɗansa Sayyid Abdurrahman ya sake gina shi da ƙubbarsa mai ruwan azurfa. Kusa da shi ga gidan Halifa, wanda aka mayar gidan tarihi, inda na ga riguna masu faci irin na Ansaru da takubba da sulke. Malaman Sakkwato ba su yi wa Mahadin Sudan mubaya'a ba, amma Hayatu ɗan Sa'idu, jikan Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, ya yi, har suna musayar wasiƙu. Kuma shekara 5 kacal bayan Karari, irin bindigogin nan suka isa Burmi, inda Sarkin Musulmi Attahiru ya yi shahada a watan Yulin 1903 yana kan hanyar hijira zuwa gabas. Ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ƙarasa da sauran jama'a, kuma garin da suka kafa kusa da Sinnar sunansa yake amsawa. Ina tsaye gaban rigunan nan sai na ji kamar tarihin gidanmu ne aka rataye a bango.

Kasuwar Umdurman sai wanda ya shiga. Layin masu zinari daban, na masu turaren wuta da sandal daban, na madunka takalmin markub daban, ga rawuna farare tuli-tuli. Duk inuwar da ka duba akwai mace zaune bayan ƙaramin murhu da kwalabe jere, tana sayar da shayi da gahawa mai citta da suke kira jabana. Akasarinsu matan da yaƙin Darfur da na kudu ya koro ne, da kuɗin kofin nan suke ciyar da gida. Abin da ya fi burge ni kuwa ba a kasuwa yake ba, a ƙofar gidaje yake: randunan ƙasa biyu ko uku a ƙarƙashin rumfa, cike da ruwan sanyi da moɗa a kai, don duk mai wucewa. Ba wanda ke tsaron su. Kuma ba ka wuce mutane suna cin abinci ba su ce maka "itfaddal" ba, har da kamo hannunka. Mu da muke alfahari da karɓar baƙo, a nan na ga waɗanda suka sha gabanmu.

Ranar Juma'a bayan La'asar aka kai ni maƙabartar Shaihu Hamad al-Nil, inda ƴan Ƙadiriyya ke zikiri har faɗuwar rana. Da'ira ce babba, ga bandiri da manyan ganguna, ga hayaƙin lubban, ga dattawa cikin koren tufafi da ja, wasu na juyi a ƙafa ɗaya har ƙura ta rufe su. Na san masu karatunmu ba bakinsu ɗaya ba a kan irin wannan, kuma ba ni ne zan raba gardamar da ta gagari manya ba. Abin da idona ya gani dai, da ladan ya ɗaga murya ganguna suka yi tsit, da'irar ta warware ta zama sahu.

To, ga inda ƙwallo ta shigo. Ashe na sauka ne a makon da Hilal da Marrikh za su kara, kuma gidan Baffa a rabe yake. Babban ɗansa Hilalabi ne, wato ɗan shuɗi da fari, ƙaramin kuwa Marrikhabi ne, ɗan ja da rawaya. Kowace safiya kowa zai shigo da jaridarsa, don a lokacin akwai jaridun kullum da ba abin da suke bugawa sai wasanni, kuma kowa ya san wadda ta karkata ga wane ɓangare. Mai keken raksha ya ɗaura ƙyalle a madubi, mai shayi ta zaɓi launin mayafinta, har limamin unguwa yara sun san inda zuciyarsa take ko da bai faɗa ba. Tambayar farko da yaran unguwa suka yi mini, kafin su tambayi sunana, ita ce wanne nake so. Na ce ni baƙo ne. Suka ce a Umdurman ba baƙo a wannan magana.

Asalin abin daga makaranta ya fito. Ingilishi sun buɗe Kwalejin Godon a Hartum a 1902, ita ce ta zama Jami'ar Hartum a 1956, kuma a filinta ne ƴaƴan Sudan suka fara koyon wasan da suka ga sojoji da ma'aikatan jirgin ƙasa suna yi. Ɗaliban kwalejin ƴan unguwar Masalma ta Umdurman ne suka kafa ƙungiya a 1908, wadda a 1927 aka sauya mata suna zuwa Marrikh, sunan jan tauraron nan da malamanmu na hisabi ke kira Mirrihu. Hilal, wato jinjirin wata, ta biyo baya a watan Fabrairun 1930, ita ma a hannun samari masu ilmin zamani. A lokacin da Nasara ba ya barin a yi taron siyasa, zauren ƙungiyar wasa ya zama wurin da samari ke haɗuwa su yi maganar ƙasarsu. Shi ya sa Sudan ta riga mu nisa a wannan fage. A Hartum aka kafa hukumar ƙwallon ƙafa ta Afirka a Fabrairun 1957, ƙasashe huɗu ne suka kafa ta: Sudan, Masar, Habasha da Afirka ta Kudu. A nan kuma aka buga kofin Afirka na farko a wannan wata, da ƙasashe uku kawai, don an kori Afirka ta Kudu da ta ƙi kawo tawaga mai haɗe da baƙi da farare. A 1970 Sudan ta ɗauki kofin a gida bayan ta ci Gana 1 da nema.

Musun ƴaƴan Baffa kullum wuri ɗaya yake zagayawa. Babban zai ce a ƙirga kofunan gasar ƙasa tun da aka fara ta a 1962, Hilal ce kan gaba, kuma gaskiyarsa ne. In ban da sau ƙalilan, kofin bai taɓa fita daga hannun su biyun ba. Zai ƙara da cewa Hilal ta kai wasan ƙarshe na kofin zakarun Afirka sau biyu, a 1987 da 1992. Ƙaramin zai bar shi ya gama, sa'an nan ya tambaya a hankali, "Kun ɗauko?" Domin Ahli ta Masar ce ta doke su a na farko, Widad ta Maroko a na biyu. Marrikh kuwa a 1989 ta ɗauki kofin zakarun kofuna na Afirka, bayan ta fi Bendel United ta Najeriya da ci 1 a wasanni biyu, kuma shi ne kofin nahiyar guda ɗaya da wata ƙungiyar Sudan ta taɓa kaiwa gida. Shekara biyu kafin zuwana, a 2015, su biyun duka sun kai wasan kusa da ƙarshe na kofin zakarun Afirka, aka yi ta mafarkin wasan ƙarshe tsakanin maƙwabta, sai USM ta Aljeriya ta fitar da Hilal, Mazembe ta Kwango ta fitar da Marrikh. Baffa yana kishingiɗe a angareb yana jan casbi, sai ya ce da ni cikin Hausa, don kada su ji da sauri, "Ka ga waɗannan? Ran nan ne kaɗai na ga sun ci tuwo a kwano ɗaya ba gardama."

Filayen nasu biyu suna yankin Arda, tafiyar ƙafa ce tsakaninsu. Na Marrikh ana ce masa Jan Ganuwa, yana ɗaukar sama da mutum 40,000. Na Hilal kuwa ana cikin sabunta shi a lokacin, shi ne aka raɗa wa suna Shuɗin Lu'ulu'u. Ƙaramin ya kai ni kallon atisayen Marrikh da yamma, jama'a kamar ranar wasa. Ya nuna mini inda Antar Yahya ya jefa ƙwallon da ta kai Aljeriya kofin duniya ranar 18 ga Nuwamban 2009, a wasan raba gardama da Masar wanda ya kusa ɓata tsakanin ƙasashen biyu. Ya nuna mini kuma inda Endurance Idahor, ɗan wasan gaba daga Najeriya, ya yanke jiki ya faɗi ana cikin wasa a watan Maris na 2010, Allah ya karɓi abinsa yana da shekara 25. Da ya tuna ni ɗan Nijar ne, sai ya yi mini tsiya da gasar ƴan wasan cikin gida ta Afirka da aka yi a Sudan a 2011, inda Mena ta kai zagayen kusa da na kusa da ƙarshe, Sudan ta fitar da ita a bugun daga kai sai mai tsaron gida. Magariba ta same mu a can. Sai na ga an shimfiɗa tabarmi a bayan tsaunin ƴan kallo, masu jajayen riguna sun ja sahu, wani tsoho mai sayar da gyaɗa ya shige gaba. Na ce a raina, da Malam zai ga wannan, watakila tsakin nasa ya ragu kaɗan. Ban ce duk ƴan kallo suka tashi ba, don ba duka ba ne.

Wasan kansa ban gan shi ba. Ranar da aka sa ta faɗo kwana biyu bayan ranar tashina, kuma sauya tikitin jirgi ya fi ƙarfin aljihuna. Yaran suka yi ta roƙo, har babban ya ce zai sayar da wayarsa ya cika mini. Na ce musu su bari, fili ba gudu zai yi ba, sai wani zuwa.

Ranar Asabar 15 ga Afrilun 2023, ana cikin goman ƙarshe na azumi, faɗa ya ɓarke tsakanin sojojin Janar Abdul Fattah al-Burhan da dakarun RSF na Muhammad Hamdan Dagalo, wanda aka fi sani da Hamidti. Daga cikin wuraren da aka fara jin harbi har da unguwar filin wasanni da ke kudancin Hartum. Cikin ƴan kwanaki filin jirgin da na sauka ya zama kangon ƙonannun jirage. Ɗaliban da na gaisa da irinsu aka kwashe su a motocin safa, wasu zuwa iyakar Masar, wasu zuwa Bur Sudan. An karya gadar Shambat da ke haɗa Umdurman da Bahri a Nuwamban 2023. An wawashe gidan tarihi na ƙasa. Ranar 1 ga Fabrairun 2025 aka yi wa kasuwar Sabrin ta Umdurman ruwan harsasan igwa, mutum sama da 50 suka mutu a wurin cefane. Majalisar Ɗinkin Duniya ta ce waɗanda suka bar gidajensu sun haura miliyan 12, ba kuma inda ya kai haka a duniya. Abin da ya riƙe waɗanda suka rage shi ne tukwanen unguwa da ake kira takaya, inda samari da mata ke dafa wake da lentil da gudunmawar ƴan'uwa na ƙetare. Mutanen da suka saba ajiye randa a ƙofar gida, su ne suka ɗora tukunya a bakin titi.

Baffa ya ƙi fita. Ya ce mahaifinsa ya yi tafiyar da ta ishi zuriyarsa duka. Babban ɗan ya kwashi mata da yara zuwa Masar, ƙaramin ya zauna da tsohon. Wata da watanni ba mu ji ɗuriyarsu ba saboda an katse waya. Da saƙo ya iso a 2024, na ta'aziyya ne: ciwon sukari, ba magani, ba hanyar asibiti. Ba a iya kai shi maƙabarta ba saboda harbi, sai maƙwabta huɗu suka sallace shi suka rufe shi a tsakar gida, ƙarƙashin dogon yaron nan da muke kwana. Malam ya tara jama'a a masallacinmu aka yi masa addu'a. Ranar ce na fara ganin hawayensa a bainar mutane, a kan ɗan'uwan da muryarsa kawai ya sani.

Ga amsar tambayar ƙanenmu ta fada ke nan. Yadda mutanen garin suka watse, haka ƙungiyoyinsu. An dakatar da gasar ƙasa, ƴan wasa suka yi ta yawo daga wannan ƙasa zuwa waccan don kada ƙafa ta yi sanyi. A kakar 2024 zuwa 2025 Muritaniya ta karɓe su cikin gasarta, Hilal ta gama a saman teburi, ta kuma kai zagayen kusa da na kusa da ƙarshe na kofin zakarun Afirka tana karɓar baƙi a Nuwakshot. A Yulin 2025 aka shirya gajeriyar gasa a cikin Sudan, a garuruwan Atbara da Damar na arewa, Hilal ta ɗauki kofi, Marrikh ta zo ta biyu. A kakar 2025 zuwa 2026 kuma Ruwanda ce ta ba su masauki. Ƙungiyar ƙasa ma haka ta yi ta aron fili a Libiya da Juba, amma duk da haka, a hannun mai horarwa Kwesi Appiah ɗan Gana, ta samu tikitin kofin Afirka na Maroko. Mu ƴan Nijar ba ma mance wannan ba: Mena ta lallasa su 4 da nema a Nuwamban 2024, amma suka fi mu da maki ɗaya, suka wuce suka bar mu. A Maroko sun kai zagayen ƴan 16 kafin Senegal ta tsayar da su a Janairun 2026.

In an tambaye ni wa zai yi galaba in suka sake haɗuwa, hankali Hilal yake nunawa. Ta fi kuɗi, ta fi ɗaukar ƴan wasa daga ƙetare, ƴan wasanta ne ƙashin bayan ƙungiyar ƙasa, kuma shekarun hijirar nan sun goge ta da manyan wasannin nahiya. Marrikh kuwa tun kafin yaƙi rikicin shugabanci yake cin ta. Wanda za a sa wa ido shi ne Muhammad Abdurrahman, da suke wa laƙabi da Garbal, wanda lokacin ziyarata jar riga yake sawa, daga baya ya koma shuɗiya har ya zama kyaftin. Ƴan Marrikh ba su yafe masa ba. Amma duk wanda ya san wasan maƙwabta ya san ba a auna shi da teburi, rago kan zama zaki ranar. Abin da kawai nake ganin zai rage wa Marrikh ƙarfi shi ne rashin jama'arta, don ita da ihun Jan Ganuwa take cike giɓin da ke tsakaninta da abokiyar hamayyarta, kuma filin aro ba ya ihu. Ina roƙon samarinmu masu kallo su bar shagunan caca su huta. Wannan wasa na mutanen da ke cikin makoki ne.

Sojoji sun ƙwace Hartum a watan Maris na 2025, a watan Mayu suka ce sun kammala da jihar duka, gwamnati kuma ta sanar da komowa birnin daga Bur Sudan a Janairun 2026, ko da yake Fashir, zangon mahajjatanmu na dā, ta faɗa hannun RSF a Oktoban 2025 da kisan da ba ya faɗuwa. Ƙaramin ɗan Baffa ya aiko mini da saƙon murya. Ya ce an zo an tone kaburburan cikin gidaje, sun mai da tsohon maƙabarta. Ya ce ya bi ta Arda a ƙafa, ya leƙa filayen biyu, ciyawa ta ƙone, an kwashe duk abin da hannu ke iya ɗauka. Ya ce har yanzu ina da bashin tikiti a wurinsa.

Na kunna wa Malam saƙon bayan sallar Asuba, ina fassara masa inda Larabcin Sudan ya yi masa sauri. Ya yi shiru, sa'an nan ya ce, "Shi Yayan nawa, wanne yake so a cikinsu, shuɗin ko jan?" Na ce bai taɓa faɗa ba, amma na lura hular da yake sawa ranar Juma'a tana da jan zare. Ya gyaɗa kai. Ya ce, "To, ran da ka ji za su buga a can garin nasu, ba a ƙasar wasu ba, ka gaya mini. In an tara mutum dubu arba'in a wuri ɗaya ba tsoro, hanya ta buɗe ke nan. Ina so in tsaya a kan kabarinsa."